Namijin Tsutsa a Kwalbar Turare

Litinin, 12 ga Agusta, bayan la'asar

Dakta Amsa ce ta ba ni littafin nan. Biyu ta sayo a Ɗambatta, ɗaya na aiki, ɗaya kuma ta ce in riƙa rubuta duk abin da na ga dama, wai hannuna ya huta da latsa waya. To ga shi na fara. Ni Mairo 'yar Malam Nababa ta Unguwar Sabo, wadda ta tsaya a aji uku na sakandare, yau ni ce ma'aikaciyar jami'a. Na sa a sitatus na Wasaf, mutum tamanin da ɗaya sun gani.

Bari in faɗi yadda aka yi kar in manta. Dakta daga jami'a take, a Kano. Ba likitar mutane ba ce, ta ce ma ba ta zama dakta ba sai ta gama wannan aikin, amma mu mun riga mun naɗa mata. Iyayenta mutanen Barno ne, a Ungogo aka haife ta, Hausarta ta fi tawa. Mai unguwa ya ba ta aji ɗaya a firamare tunda ana hutu. Abin da ta zo nema kuwa, tsutsar cikin gafiya. Wallahi. Mace da gilashinta da digirinta biyu, ta baro birni a wannan tsadar mota, ta zo neman tsutsa.

Ta ce bara ta ga wata iri a tumbin gafiyar da aka kai mata daga wajenmu, ta bincika littattafan duniya ba ta ga mai kama da ita ba. In ta tabbata sabuwa ce, ita za ta auna ta, ta zana ta, ta bayyana kamanninta, ta raɗa mata suna. Na ce, "Dakta, har da ragon suna?" Ta yi dariya sai da ta cire gilashi.

Tana da sola, caji kyauta. Tana kuma buɗe mini data daga wayarta. Ni ko shara ce aka ce in yi, zan yi.

Da mai unguwa ya yi cigiyar wanda ya iya tarko, ba wanda ya zaci Baba zai amsa. Baba fa, wanda duk kaka ake layin karɓar zakka a ƙofar zaurensa. Ya ce taimakon ilimi ne, kuma gafiya tana masa ɓarna a gyaɗa, kuma ba zai karɓi ko sisi ba. Da ya faɗa wa Inna a gida, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ci gaba da tsintar zogale.

Talata, 13 ga Agusta, da hantsi

Yau na yi dariya har cikina ya ƙulle, daga baya kuma na ji kunyar dariyar.

Baba ya kamo uku manya. Ya zo aji da kwanon sha a rufe da faifai, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya yi sallama. Dakta ta buɗe. Ya yanka su, ya babbake, ya feɗe, ya wanke tas har da lemon tsami. Ko ɗigon jini babu.

Dakta ta ce, "Baba... ina kayan cikin?"

Ya ce, "Haba 'yata, ai ba na kawo wa baƙuwa ƙazanta ba. Na zubar can bayan gona, kaji ma sun gama da shi."

Ta zauna a bencin 'yan aji biyu, ta dafe kai. Na ɗauka kuka za ta yi. Ta ce, "Baba, abin da ka zubar shi na zo nema tun daga Kano. Wannan da ka kawo ba ni da abin yi da shi."

Baba ya ce, "Ba ki da abin yi da shi?"

Ta ce babu.

Ya sake tambaya, a hankali, kamar mai son ya tabbatar da farashi a kasuwa. "Wato naman ba kya so. Hanjin kike so."

Ta ce e, da tumbi, da kai, don da kai ake gane irin gafiyar.

Baba ya mayar da faifai ya rufe kwanon. Ya ce to bari ya je ya binne wannan, kar ya yi mata wari a aji.

Laraba, 14 ga Agusta, bayan magariba

Miyar kuka ta yi daɗi jiya da yau. Ba wanda ya yi magana muna ci.

Juma'a, 16 ga Agusta, bayan an sauko daga masallaci

Yanzu mun daidaita. Dakta ta ba Baba keji shida na waya, irin wanda gafiya ke shiga da ranta ƙofa ta rufe. Da farko ta ce akwai maganin da take shaƙa musu su mutu ba wahala. Baba ya ce sam, shi dabbar da ya kamo da hannunsa ba za ta mutu mushe ba, sai dai a yi bisimilla a yanka. Ta ce masa ai duk ɗaya ne tunda binnewa za a yi. Ya ce ba ɗaya ba ne. Ta dube shi ta saman gilashi, ta dube ni, ni kuma na duƙufa kan waya kamar an turo mini saƙo. Ta ce, "To Baba, a yanka."

Don haka shi ke yanka a bayan aji, ita ta ɗauki kai da kayan ciki, shi ya tafi da saura a buhu ya binne.

Aikina ni: in rubuta lambar gafiya, mace ce ko namiji, gonar wa, wace rana. Sannan in tsaga tumbi cikin faranti da ruwan gishiri, in sa a ƙarƙashin madubin nan nata mai ƙara girman abu, in tsinto tsutsa da ɗan tsinke. Farare ne sirara kamar zaren ɗinki, ba su kai rabin yatsa ba. Ranar farko na yi amai. Yau ina tsinta ina cin gyaɗa. Ana jefa su cikin sifirit mai ɗumi don su miƙe, in mai sanyi ne sai su kanannaɗe ba a iya aunawa. Kowace kwalba da 'yar takardarta a ciki, kuma da fensir ake rubutawa don biro narkewa yake.

Dakta ta ce, "Mairo, ki riƙe wannan ko kin manta komai. Tsutsar da ba ta da takarda, shara ce. Ko ta zinariya ce."

A madubi kam suna da kyau, ban da wanda zai yarda. Bakinsu kamar fure mai leɓe uku, jikinsu da zane-zane kamar an yi musu saƙa. Allah Ya zauna Ya ƙawata abin da ke cikin tumbin gafiya, inda ba mai gani. Na daɗe ina tunanin wannan.

Da zan tafi tana wanke hannu, ba ta ko juyo ba, ta ce wa taga, "Irin wannan tsutsar ba a san ta da kama mutum ba. Amma kowane naman daji, a dafa shi ya dahu sosai."

Na ce, "Wa zai ci gafiya, Dakta?"

Ta ce, "Ni ma shi na gani."

Lahadi, 18 ga Agusta, da safe

Yaya Sama'ilu ya hau onlayin ƙarfe bakwai da minti goma. Ya ga sitatus ɗina. Saƙona na wata huɗu yana nan da alama biyu shuɗɗa, ba amsa. Ba zan rubuta abin da ya yi ba. A gidanmu ba a faɗar sunansa, ba a kuma ce kar a faɗa ba.

Baba ya sake yaɓe gindin rumbu, ya gyara masa jinka. Duk wanda ya wuce ta lungu sai ya ce, "Malam Nababa, ana tattalin arziki." Baba ya ce alhamdu lillahi.

Inna ta yi daka da safe kamar kullum. A garin nan katanga ɗaya ce tsakaninka da kowa, in turminka ya yi shiru kwana biyu an sani. Abin da ke cikin turmin ba a jin sa ta katanga.

Talata, 20 ga Agusta, da azahar

Mun tara tsutsa arba'in da ɗaya, duk mata. Dakta ba ta murna. Na ce mata arba'in ai sun isa a buɗe islamiyya. Ta ce matan wannan dangin duk kamarsu ɗaya, kamar 'yan biki da anko. Namijin ne ke da shaida. Ƙarami ne, wutsiyarsa a lanƙwashe, da wasu allurai biyu a ciki. Tsawon alluran da siffarsu su za su nuna ko sabuwar iri ce ko tsohuwa. Ba namiji, ba suna, ba takarda, ba dakta.

Na ce, "Ko a tsutsa ma sai an jira namiji."

Ta ce, "Ke dai bari. Ranar da muka same shi, washegari na naɗe kayana. Keji, sola, komai. Ko sallama ba zan tsaya yi ba."

Ta faɗa tana dariya. Ni ma na yi dariya. Sai da na fito nake jin maganar tana bina a baya.

A rijiya na haɗu da Kaltume ta gidan Baba Dabo, maƙwabtanmu, ƙawata tun muna tallan gyaɗa. Ta ce, "A'a, Hajiya Mairo mai tsutsa, a ba mu hanya kar a shafa mana." Na ce gara ni, tsutsata da lamba, ta cikinki ko rajista ba ta da shi. Muka yi dariya. Sai ta matso ta ce, "Ke, gidanku kwanan nan ƙamshin nama nake ji. Ko an yi baƙi?"

Na ce Yaya ne ya yi aike.

Ta ce, "Allah sarki, ya kyauta." Ta ɗauki tulunta. Zanenta ya zagaye ta har da ragowa, da ba haka yake ba.

Alhamis, 22 ga Agusta, da yamma

Arba'in da tara. Mata. Alhamdu lillahi. Astagfirullah, me na rubuta?

Asabar, 24 ga Agusta, ƙarfe sha ɗaya da kwata na safe

Gafiya mai lamba 37. Mace. Gonar Baba ta bakin rafi, gindin ɗorawa. A tumbi, manne da bango. Mata uku. Namiji ɗaya.

Na same shi.

Dakta ta tafi Ɗambatta sayo sifirit da safar hannu, ta bar ni da biyu. Ina tsaga tumbin na gan shi, ɗan ƙarami, wutsiya kamar ƙugiya. Na sa a babban madubi, ga alluran nan biyu, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Na yi ihu ni kaɗai a aji. Na ɗauko waya zan kira ta. Har na danna sunanta.

Sai na hango Baba ta taga, yana tafiya da buhunsa a kafaɗa, yana gaisawa da mutanen gindin darbejiya. Suna ce masa, "Malam, an je binne na jami'a?" Yana ce musu, "To ya za a yi, an ɗauki amanar mutane." Kansa a sama.

Bari in rubuta sau ɗaya, tunda littafina ne. Babu komai a rumbunmu. Tun watan azumi babu. Ƙasa ce da kashin ɓera. Abin da Inna ke dakawa dusa ce, wani lokacin dusar ma jiya ta daka ta. Baba ba ya binne komai. Gafiyar nan ita muke ci, ita da zogale da rabin taliyar da Dakta ke ba ni da rana nake ɓoyowa a leda. In ba don aikin jami'a ba, Malam Nababa ba zai iya ɗaukar tarko ya ratsa garin nan ba, gara masa ya kwanta ya mutu da rumbunsa a yaɓe. Na san shi. In Dakta ta tafi gobe, jibi ba keji, ba dalili, ba miya.

Gero ya fitar da kai amma sai nan da sati uku ko huɗu.

Sati uku kawai nake nema.

Na ɗuma sifirit yadda ta koya mini, ya miƙe sarai. Kwalabenta a ƙirge suke, don haka na sa shi a kwalbar turaren da Yaya ya kawo mini waccan sallar, da ma ta ƙare, na wanke ta sau uku. Ban sa takarda ba. A littafin aiki na rubuta: lamba 37, mata uku.

Yana cikin akwatina ƙarƙashin hijabin makaranta.

Lahadi, 25 ga Agusta, da hantsi

Ban sa komai a sitatus ba. Kaltume ta turo, "Lafiya? Ko data ta ƙare?"

Laraba, 28 ga Agusta, bayan la'asar

Dakta tana da 'ya, Amira, shekararta biyu ba ta cika ba. Tana wajen kakarta a Ungogo. Kullum da la'asar sai ta fita bakin tutar makaranta inda sabis ya fi ƙarfi ta kira su ta bidiyo. Da can yarinyar na ganin ta sai ta kama lasar waya. Yau ina ji kakar na cewa, "Ga Mama, ce Mama," yarinyar ta juya baya ta ɓoye fuska a zanen kaka.

Dakta ta dawo ta zauna gaban madubi ba ta kunna fitilar ba.

Ta ce shekararta bakwai a kan karatun nan. Malaminta ya ce in ba ta kawo namiji ba kafin a koma zangon karatu, ta nemi wani aikin ta faro daga farko. Mijinta ya daina tambayar yaushe za ta dawo, ta ce wannan ya fi tambayar ciwo.

Na ce, "In sha Allahu za a samu."

Ta ce, "Ke kaɗai ce ke ƙarfafa mini gwiwa, Mairo." Ta miƙo mini taliya, ta ƙara mini rabin tata, ta ce ba ta jin yunwa.

Na kawo gida. Na kasa ci. Inna ta taɓa goshina.

Juma'a, 30 ga Agusta, da safe

Na bi Baba duba keji. Raɓa ta jiƙa mini zani har gwiwa. Na murza kan gero ɗaya a tafin hannu, ruwa ne fari kamar nono. Baba ya ce, "Uwata, ba a gaggauta shi. Kwanansa a rubuce yake." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa.

Sai ya ce, "Yarinyar nan tana ramewa. Kullum ina sa ta a addu'a, Allah Ya haɗa ta da abin da take nema ta koma wa 'yarta."

Na ce, "Baba, in ta samu fa tafiya za ta yi. Da kejin."

Ya ce, "Na sani."

Ya ɗaga kejin, akwai ɗaya a ciki tana huci. Ya ce, "Na sani, Uwata. Amma ba zan roƙi Allah Ya tsare baƙuwa a garinmu don cikina ba."

Bai san komai ba. Ina ganin bai sani ba.

Gidan su Kaltume kwana uku ban ji daka ba. Ƙila inji suke kaiwa.

Asabar, 31 ga Agusta, da azahar

Yaya ya canza hoton Wasaf. Ya yi ƙiba.

Litinin, 2 ga Satumba, da yamma

Mata sittin da shida. Wani namijin bai sake fitowa ba, kullum ina roƙon ya fito a hannunta ita, in huta. Ya ƙi.

Hedimasta ya aiko a share aji, an kusa komawa makaranta. Dakta ta ce ranar Alhamis za ta tafi. Haka nan, hannu rabbana. Ta ce ƙila da ma kuskure ta yi, ƙila ba rabonta ba ne. Ta fara naɗe zanen da ta yi na bakin tsutsar, wanda ta kwana uku tana yi da ɗigo-ɗigon tawada.

To ga shi. Na ɓoye don kar ta tafi, kuma za ta tafi. Geron bai nuna ba. Na buɗe akwati na duba shi, yana nan a miƙe yana ƙamshin turare.

Laraba, 4 ga Satumba, bayan azahar

Na kai mata.

Ban shirya magana ba. Na ajiye kwalbar a kan tebur kusa da hannunta na koma bakin allo na tsaya. Ta ce, "Turare kika kawo mini na sallama?" Ta ɗaga ta a haske. Ta juye a faranti, ta sa a madubi, ta daɗe. Ta ce, "Allahu akbar. Allahu akbar. Mairo, allurar hagu ta ninka ta dama, kuma bakinta a rabe. Babu mai wannan. Babu!" Ta tashi ta rungume ni har gilashinta ya faɗi.

Sannan ta sake ni. Ta kalli kwalbar.

"Ina takardarsa?"

Na ce babu.

"Daga wace gafiya? Yaushe?"

Na ce lamba 37. Ta buɗe littafin aiki, ta bi da yatsa. Lamba 37, mata uku, da rubutuna. Ta duba kwanan watan. Ta ƙirga a yatsu.

"Kwana goma sha ɗaya."

Ta ɗago ta dube ni.

"Kwana goma sha ɗaya, Mairo. Kina zaune nan 'yata ta juya mini baya. Kika ce mini in sha Allahu."

Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ta ce wannan shi ne zai zama shaida, shi za a ajiye a ma'adana, duk wanda ya yi gardama a duniya shi za a ɗauko masa. Ba za ta iya rubuta rana da wuri a kan maganar baki ba, balle bakin da littafin aiki ya ƙaryata. Ta ce, "Na faɗa miki tun farko. Ba takarda, shara ne. Kina da hoto? Kina da wani abu da kika rubuta a ranar, ba yau ba?"

Ni da nake ɗaukar hoton ko kwanon shayi, ranar ban ɗauka ba.

Littafin nan yana cikin jakata. Na san abin da ke saman shafin Asabar, na kuma san abin da ke ƙasansa. Shafi ɗaya ne. Na yi tunanin in yage saman in ba ta. Amma yagaggen shafi ko yau da safe zan iya rubuta shi, sai ta gan shi a jere da ranakun da ke gabansa da bayansa. Na tuna Baba da rigar Juma'a da kwano a rufe da faifai.

Na buɗe na miƙa mata.

Ta karanta layukan sama. Na ga idonta ya sauka ƙasa. Ban hana ta ba. Ta karanta har ƙarshe, har hijabin makaranta. A waje awaki suna cin takardun 'yan aji ɗaya, ina jin su.

Ta ɗauko fensir da 'yar takarda, ta kwafe lamba, rana, gona, gindin ɗorawa. Sannan ta ɗora tafin hannunta ta rufe duk abin da ke ƙasa, ta ɗauki hoton layukan sama kawai. Ta rufe littafin ta ba ni da hannu biyu.

Ta ce, "Gyara littafin aiki. Ja layi ɗaya a kai, kar ki goge, ki rubuta gaskiya a gefe ki sa hannu."

Na gyara. Ba ta sake yi mini magana ba har na tafi.

Alhamis, 5 ga Satumba, da hantsi

Ta tafi. Mota ta zo har bakin firamare. An loda madubi, sola, kwalabe. Baba ya kawo kejin shida a wanke, a ɗaure da igiya.

A gaban mai unguwa da duk 'yan gindin darbejiya ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Baba, kejin nan su zauna. Aiki bai ƙare ba. Ina so in san ko tsutsar tana nan har kaka. Mairo ta iya komai, za ta riƙa cire kai da tumbi tana sawa a sifirit, in aiko a karɓa. Sai dai wahalar binnewa na bar maka."

Baba ya ce, "Ba komai 'yata. An saba."

Ta bar mini galan ɗin sifirit, kwalabe ashirin, fensir biyu. Ta shiga gaban mota. Na tsaya ta wajen tagarta. Ta ce, "Kowace da takardarta." Na ce to. Ba ta yi murmushi ba. Ban san ko ta yafe ba, ban kuma tambaya ba.

Asabar, 7 ga Satumba, bayan la'asar

Caji ya koma sai shagon Mati mai cajin waya. Na kunna waya na tarar da saƙonta, hoto ɗaya ba magana. Sabuwar kwalba ce mai murfi baƙi, shi a ciki, da takardarsa da fensir. Lamba 37, rana, Unguwar Sabo. A layin ƙarshe, inda ake sa wanda ya samo, ta rubuta M. Nababa. Ni ce ko Baba, ban sani ba. Na daɗe ina kallo. Na danna sitatus, na fasa. Wannan ba na mutum tamanin da ɗaya ba ne.

Ɗazu ina wanke faranti a bayan zaure na ji sallama. Baba Dabo ne, mahaifin Kaltume. Suka gaisa da Baba, suka yi maganar ruwa, suka yi maganar taki, suka yi maganar gero da saura kwana nawa. Har na ɗauka tafiya zai yi. Sai ya yi gyaran murya.

"Malam Nababa, na ce... aikin nan na jami'a. Keji shida ai sun yi wa mutum ɗaya yawa. Ko suna neman ƙarin hannu? Ni ma gafiya ta dame ni a gyaɗa."

Baba Dabo bai shuka gyaɗa ba bana. Kowa ya sani.

Sai na ji ƙarar wayar keji, Baba yana kwance igiya.

"Suna nema, Malam Dabo. Ɗauki uku. Kai da tumbi ka kawo wa Mairo." Ya ɗan tsaya. "Sauran ka binne da kanka. Ka dai binne shi ya dahu sosai."

Na tashi na fere fensir.